Guntun Allura a Kogon Haƙori

Ranar Litinin allurar ta karye, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, tana zaune a gaban keken ɗinki da wandon makarantar wani yaro a cinya.

Tela kowa yake ce mata a layin, har 'yan gidansu sun ɗauka. Shekararta ashirin da biyu a wannan shago, wani ɗan tsukuku tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Keke biyu ne a ciki, na ƙafa da na wuta, sai teburin yanka da gefensa ya yi sulɓi don gugar hannu, da dogon madubi mai tsaga a kusurwar sama. An san ta da tsabtar aiki. Ba ta barin zare yana reto a bayan riga, ba ta kuma rage wa mace awon ƙugu don a faranta mata rai.

Haƙorin kuwa na tauna ne, na can ƙurya, ƙasa ta hagu. Shekara biyu da suka wuce ya yi mata ciwo na mako guda, har ta kasa ɗora kumatu a filo, sannan rana ɗaya ya yi shiru. Ta ɗauka ya warke. Abin da ya bari shi ne kogo, kuma duk abin da ta ci sai wani abu ya faɗa ciki. Tsinken sakace ya yi kauri, ba ya shiga. Siririyar allurar hannu da take kalmasa da ita ce ke shiga daidai. Tun tana waigawa ta ga ko wani na kallonta har ta daina, hannunta ya saba da hanyar.

Ran nan ɓurɓushin burodi ne ya maƙale. Ta tura allurar, ta ɗan murɗa, sai ta ji ƙas. Ƙaramar ƙara ce, amma a ƙashin kanta ta ji ta. Da ta zaro hannu, rabin allurar ne tsakanin yatsunta, ɓangaren kafar. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta naɗe shi a wani ɗan ƙyalle, ta jefa a jaka, ta ci gaba da taka keke.

Ba ta tsorata ba. A watannin nan ba ta cika jin komai ba. Wata bakwai ke nan da Inna, mahaifiyarsu, ta faɗi a bakin ƙofar banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke sai kalma uku da suka rage mata: to, a'a, da ke. Da yake mijin Tela ya rasu da daɗewa, ɗanta ɗaya kuma yana aiki a wani gari, ba a ma zauna an yi shawara ba, aka kai Inna wurinta. Yayansu yana nesa, yakan bugo waya ranar Lahadi ya ce Allah ya saka mata. Auta, ƙanwarsu, takan zo ƙarfe tara bayan ta kai yara makaranta, ta zauna zuwa ƙarfe biyu. Awa biyar ɗin nan su ne na shago. Sauran duk na Inna ne: wanka, juyi daga wannan ɓari zuwa wancan, wankin zanen gado, niƙa magani da bayan cokali, abinci loma-loma ana goge abin da ya zubo ta gefen baki.

Da farko takan shiga banɗaki ta buɗe famfo ta yi kuka. Daga baya kukan ya ƙafe. Sai ta iso gida ba ta tuna yadda ta tsallaka babban titi ba. Rediyon shago ya yi ta surutu tun safe, in an tambaye ta me aka ce, ba ta sani ba. Mai kaya ta zo tana faɗa kan an makara, Tela ta tsaya tana kallon bakinta yana motsi, ta ba da haƙuri, ta koma kan keke.

Ranar Talata harshenta ya yi ta zuwa wurin shi kaɗai. In ya leƙa kogon sai ya taɓa wani ɗan tsini. Ta jira Auta ta karɓe ta, ta zo shago, ta tura ƙofa, ta tsaya gaban madubi da fitilar waya a hannu ɗaya, hantsakin cire zare a ɗaya. Ta hango abin, ɗigon ƙyalli a cikin baƙi. Sau uku tana kama shi yana suɓucewa, a na huɗu ya ɓace gaba ɗaya, ta gane ta ƙara tura shi ne. Har maganaɗisun da take tsince fil da shi a ƙasa ta goge da gefen zane ta cusa a baki, ta tsaya shiru da shi kamar mai jiran a kira sunanta. Babu abin da ya fito. Ta kurkure baki da ruwan gishiri, ta haɗiye ƙwaya biyu ta ciwon kai, ta buɗe ƙofa.

Laraba kumatun ya tasa. Wani ɗanɗano kamar na tsohon kwabo ya zauna mata a baki. Ta ja mayafi ta rufe ɓarin, ta riƙe bakinsa da haƙoran gaba in hannuwanta na aiki. Mai gyaran waya ya leƙo aron almakashi, ya tambaye ta ko alewa ta ɓoye a kunci don kada ta sam masa. Ta miƙa masa almakashin ba tare da ta ɗago ba.

Ta san inda za ta je. Daga ƙofar shagonta ana hango wurin, hawa na biyu a benen da ke tsallaken titi, da hoton wani farin haƙori mai murmushi a allon. Matsalar ita ce likitar. Shekara shida Tela ke mata ɗinki. Ta san faɗin kafaɗarta, ta san wajen da ta ƙara jiki bayan haihuwa ta biyu, ta sha ce mata ta tsaya daidai ta daina riƙe numfashi. Yanzu ita za ta je ta kwanta, ta wangale baki a gaban wannan yarinya, ta nuna mata kogon, da wasu biyu da suka yi baƙi a sama, da warin da ita kanta take ji. Shekara nawa tana kare baki da hannu in za ta yi dariya, har mutane na cewa kunya ce da ita.

Sai kuma maganar kanta. Ta gwada ta a zuci tana taka keke: na sa allura a haƙori ta karye. Ko ta ina ta juya ta, maganar ɗan shekara biyar ce, ba ta mace mai arba'in da shida ba. Akwai babban asibiti, inda ba wanda ya san ta, amma can wuni guda ake yi a layi, ita kuwa ba ta da wuni guda. Ta ce bari ta ga gobe.

Alhamis da safe bakin ya ƙi buɗuwa fiye da shigar yatsa ɗaya. Jikinta ya yi ɗumi, haɗiyar yawu sai ta shirya. Duk da haka ta yi wa Inna wanka, ta sauya mata riga, ta jingina ta da filo biyu, ta zauna a bakin gado da kofin shayi da cokali. Ta kai cokali na farko. Inna ta datse baki.

Ta ɗauka zafi ne, ta hura, ta sake kaiwa. Inna ba ta kalli cokalin ba. Ta ɗaga hannunta na hagu, mai lafiyar, a hankali, ta kama bakin mayafin ta ja. Ya zame zuwa kafaɗa. Tsohuwar ta ɗora bayan yatsunta a kan kumburin, kamar yadda take gwada zazzaɓinsu suna yara.

"Ke," in ji Inna.

"Ba komai ba ne, Inna. Sanyi ne ya kama ni. Sha."

"A'a."

Ta juyar da fuska bango. Tela ta lallashe ta, ta ce maganin safe ba a shan sa da ciki wayam, ta ce shayin zai huce. Inna ko motsi. Haka Auta ta shigo ta same su, ɗaya na kallon bango, ɗaya na riƙe da cokali, shayi ya yi sanyi.

Kwana biyu Tela na yin sallama da Auta ta gefen dama tana fita da sauri. Yau babu mayafi. Auta ta ajiye jakarta a ƙasa, ta kama haɓar yayarta ta juya ta wajen taga. Ta tambaye ta me ya same ta. Tela ta faɗa mata, cikin murya ɗaya, ba hawa ba sauka, ta tsakanin haƙora: kogon, allurar, hantsakin. Da ta zo kan maganaɗisu dariya ta kuɓuce wa Auta, ta yi saurin danne ta, idonta kuma ya kawo ruwa.

"Tun Litinin, Yaya? Kina tafe da ƙarfe a baki kina yi mana wanki?"

"Me zan je in ce wa likitar?"

"Abin da kika ce min yanzu."

"Ke ƙanwata ce."

Auta ta ce ita ma likitar ai ƙanwar wata ce. Ta karɓe kofin, ta ɗauko mata takalma ta ajiye a gabanta, ta ce in ba ta tafi da ƙafarta ba za ta kira mai gyaran waya da mai fenti su ɗauke ta ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, layi duka ya fito kallo. Inna, fuskarta na bango har yanzu, ta ce, "To."

Sau biyu Tela tana wuce ƙofar benen. Karon farko ta zarce har kantin magani ta tsaya tana karanta kwalayen da ke taga. Karo na biyu ta kai ƙafa matakalar farko ta janye, don wani ya sauko. A na uku jiri ya ɗebe ta, ta kama ƙarfen matakalar don kada ta faɗi, kuma tunda ta riga ta kama, sai ta hau.

Ɗakin jira ƙarami ne, kujerun roba shida, talabijin a bango an kashe murya. Mutum uku ne a gabanta, kowa ya tallafe wani ɓari na fuskarsa yana kallon ƙasa. Ba wanda ya dube ta. Matar da ke rubuta suna ta tambaye ta abin da ke tafe da ita, ta ce ciwon haƙori. Matar ta ɗago, ta kalli kumatun, ta kalli yadda take magana baki a rufe, ta ajiye biro ta shiga ciki. Ba a yi minti biyu ba aka kira ta, aka bar ukun nan a zaune.

Likitar na wanke hannu, ta juyo. Ƙarƙashin farar rigar aikinta, wuyan wata riga mai ruwan toka ya leƙo. Tela ta gane ɗinkinta. Ta ga maɓalli na biyu ya fara sakin zare.

"Anti Tela. Sannu. Zo ki kwanta."

Ta kwantar da kujerar, ta jawo fitila, ta taɓa ƙarƙashin haɓa da yatsu biyu tana tambaya nan da zafi, nan fa. Ta tambayi yaushe ya fara, ko tana iya haɗiya, ko numfashi na yi mata wuya in ta kwanta. Tela na amsawa da kai. Likitar ta ce ta buɗe iya yadda za ta iya, ta ɗauko wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki. Tela ta ga ƙarfen yana tahowa, ta tuna yadda hantsaki ya tura abin ciki. Ta ɗaga hannu ta tare.

"Akwai allura a ciki."

Likitar ta tsaya da ƙarfen a sama.

"Ta hannu ko ta keke?"

"Ta hannu."

"Tun yaushe?"

"Litinin."

"Rabin yana ina?"

Tela ta lalubi jakarta ta ciro ɗan ƙyallen. Likitar ta warware shi a kan farantin ƙarfe, ta duba, ta ce madalla, yanzu ta san tsawon abin da take nema. Ta mayar da siririn ƙarfen inda ta ɗauko shi, ta ce a ɗauki hoto tukuna.

Tela ta jira faɗan. Ta ma shirya inda za ta ajiye idonta in an fara, wani tabon ruwa a silin. Faɗan bai zo ba. Yayin da ake jiran hoton, likitar tana jera kayan aiki tana ba ta labari kamar suna shago: daga kogon haƙori ta taɓa ciro kan ashana, da bakin biro, da wayar maƙale takarda, kuma wanda aka ciro wa wayar babban mutum ne da ake buɗe wa ƙofar mota. Ta ce duk mai kogo yana da abin da yake sakace shi da shi, kowa da kayan sana'arsa.

Hoton ya fito a allon kwamfuta. Ga saiwoyin haƙorin biyu, ga wani farin layi miƙaƙƙe a cikin ɗaya, siriri, tsaf, kamar an ja shi da alli a kan baƙin yadi. A ƙarshen saiwar akwai wani duhu zagayayye. Likitar ta nuna duhun. Ta ce haƙorin ya mutu tun ranar da ya daina ciwo, ruɓa ta daɗe tana taruwa a ƙasa, allurar ta zo ta toshe hanyar da take fita. Yanzu ta fara gangarowa ƙarƙashin muƙamuƙi. Da an ƙara kwana ɗaya ko biyu, da ba a wannan kujera za a yi maganar ba, sai a gadon asibiti, ana fama da maƙogwaro. Ta faɗe shi a sarari, ba ta ɗaga murya ba. Tela ta ji, ta gyaɗa kai. Kamar labarin wata ake ba ta.

Aka yi mata allurar kashe zafi, har sau biyu, don wurin da ya kumbura ba ya saurin karɓa. Leɓenta ya yi nauyi, rabin harshenta ya zama kamar ba nata ba. Aka sa mata wani ɗan roba ya tokare bakin. Daga nan sai turi da ja, da ƙarar abu yana ɓaɓɓakewa can cikin kai, da bututun da ke zuƙe ruwa yana kurɓa a gefen harshe. Wani wari ya tashi. Mataimakiyar likitar ba ta ko yamutsa fuska ba.

Tela na kallon tabon silin. Ta lura cewa a kwance take, da rana tsaka, hannuwanta biyu a kan ciki ba sa riƙe da komai. Ba wanda zai kira ta a ɗakin nan. Ko an kira, ba ta iya tashi. Likitar, tana aiki, ta tambaye ta jikin Inna, ta ce ta ji labari wajen mai fenti, sannan ta ce kada ta amsa. Ruwa ya fara fita daga idon Tela na dama, ya bi ta gefe ya shiga kunne. Ba ta ji ƙuncin kuka ba, ƙirjinta bai motsa ba, ruwan ne kawai ke tafiya. Likitar ta tambaya ko zafi take ji. Ta girgiza yatsa. Mataimakiyar ta sa auduga ta share kunnen, aka ci gaba.

Haƙorin ya fito gida biyu. Likitar ta kama saiwa ɗaya da hantsaki ta kai ta gaban fitila, ta nuna mata ɗan tsinin da ya leƙo ta ƙasa. Ta ajiye a faranti kusa da ɗaya rabin. Ta wanke ramin, ta cusa auduga, ta ce ta cije.

Ta rubuta mata magani na kwana bakwai, ta ce ko kumburin ya saɓe kada ta tsaya a hanya. In zazzaɓi ya ƙaru ko haɗiya ta gagara, babban asibiti kai tsaye, ko wane lokaci ne. Biyun nan na sama kuma ana iya ceto su in an cike da wuri, ta dawo Laraba ƙarfe goma. Ta ce yau da gobe ba keke, ba ɗaga mara lafiya. Tela ta so ta ce wa zai ɗaga, audugar ta hana ta. Ta nuna wuyan rigar likitar, ta yi alamar ɗinki da yatsu biyu. Likitar ta duba maɓallin, ta yi dariya, ta ce za ta aiko da ita.

A gida Tela ta tarar Inna ta sha rabin kofi. Auta ta riga ta kira mijinta ya ɗauko yara, ta ce nan za ta kwana biyu. Ta kuma kira yayansu ta faɗa masa abin da ta daɗe tana son faɗa, har ya ce zai zo ƙarshen mako a zauna a tsara yadda za a riƙa karɓa-karɓa. Tela ta saurara. Ta tsaya a gaban gadon Inna ta nuna mata audugar. Inna ta daɗe tana dubanta, sannan ta lumshe ido.

Tela ta shiga ɗaya ɗakin ta kwanta da kayan jikinta. Maganin kashe zafin ya sake ta wajen la'asar, ciwon ya zo, mai nauyi, yana bugawa daidai da zuciya. Ta kwanta tana jin sa. Ta bango tana jiyo Auta na fama da juya Inna, tana yi ba daidai ba, tana ba ta haƙuri. Tela ta yunƙura za ta tashi, sai ta koma.

Ranar Litinin ta buɗe shago. Kumatun ya saɓe, saura ɗan tauri a ƙarƙashin haɓa. Wata malamar makaranta ta kawo yadi, aka yi awo, ta ce za ta leƙo Laraba da safe a gwada.

"Laraba ba na nan," in ji Tela. "Ina wajen likitar haƙori. Biyu za a cike min."

Malamar ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ce ita ma akwai wani da ke damunta in ta sha ruwan sanyi, tana ta ɗagawa. Ta tambaya ko da zafi. Tela ta ce akwai, amma ba kamar yadda ake zato ba. Suka tsayar da Alhamis. Ta rubuta awon a littafi, ta ninke yadin, ta ɗora a kan na gabansa.